Shafi na Ɗari Biyu da Sha Biyu

Shekara goma sha bakwai ta yi tana haɗa fayil a kamfanin magunguna, har sunanta ya ɓace a bakin mutane. Daga mai gadi zuwa Manaja, kowa Uwar Fayil yake ce mata. In ka tambayi 'yan ɗakin zuba magani a kwalba, za su ce maka aikinta shan iskar fanka ne da buga kwamfuta. Ba su san cewa duk kwalbar da suka rufe, in babu izinin hukumar kula da magunguna, kayan laifi ce da za a iya ɗaure mutum a kanta ba. Ita ke tara hujjojin da ake neman izinin da su: abin da aka haɗa maganin da shi, inda aka sayo shi, yadda aka gwada, har rubutun jikin kwali. Duk shekara biyar izinin magani yakan ƙare, sai ta haɗa sabon fayil mai shafi ɗari huɗu da wani abu, ta rungume shi zuwa taga ta uku a ofishin hukuma.

Abu ɗaya ne ba nata ba, shi ne sa hannu. Wannan na Tsoho ne, dattijon da ke zaune a ofishin ciki mai ƙofar gilas. Ta gama wahalar, ta kai masa, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya ja layi biyu da ɗigo, shi ke nan ya yi aikin ranar. Ba ta taɓa jin haushinsa ba, ko kuma ta ji ta haɗiye. Da ya rasu aka rufe ofishin, ƙura ta hau tebur.

A shekarar ne hukuma ta fito da sabuwar doka: ba mai sa hannu a fayil sai wanda ya yi kwas na musamman ya ci jarrabawa, aka ba shi satifiket mai lamba. Manaja ya kira ta.

"Uwar Fayil, kujerar can ke take jira," ya ce, yana nuna ƙofar gilas da haɓa. "Kin fi kowa sanin aikin, takarda ce kawai ba ki da ita. Kamfani zai ɗauki nauyin karatun. An kuma ce fayil ɗin masu satifiket ba ya daɗewa a hukuma, kin ga mun huta da zarya."

Ta yi godiya har sau uku. Tana son kujerar nan, so na gaske, kuma ba ta ji kunyar sonta ba. Mace mai shekara arba'in da shida, wadda aka sha kawo yara su zauna a kanta ta koya musu aiki su wuce, ai ba za a ce ta yi zalama ba.

Ana yin kwas ɗin ne duk Asabar, a bene na biyu, saman shagon masu gyaran taya. Su talatin da ɗaya ne a ajin, yawancinsu sa'annin 'yarta ta fari, suna ce mata Anti suna ba ta kujerar gaba. Maigidanta, wanda ke koyar da tuƙin mota, ya samu abin tsokana na wata tara. Duk safiyar Asabar sai ya tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu.

"Ɗaliba, an ɗauki fensir? In malam ya zane ki kada ki zo min da kuka, ni ba ruwana."

"Kai dai ja mu tafi, kada ka sa a rufe min ƙofa."

Malamin tsohon sufeton hukuma ne da ya yi ritaya, siriri, mai tari, ba ya dariya sai in ɗalibi ya yi kuskure mai kyau. Yaran sun haddace littafi, ita kuma ta san tagar hukuma. In ya tambayi kwana nawa doka ta ce a yi kaza, sai su amsa a tare. In ya tambayi abin da ke sa a dawo da fayil, sai a waiwayo ana kallonta. Amma ita ma ta koyi abin da ba ta sani ba, kuma shi ne ya fi yi mata daɗi. Shekara da shekaru tana buga lambobi a jadawali ba ta san abin da suke faɗi ba. Yanzu ta gane. Ana ɗibar kwalabe daga kowane zubi na magani, a ajiye su a wani akwati mai zafi, duk bayan wata shida a fito da ɗaya a auna ƙarfinta. In ƙarfin ya faɗo ƙasa da casa'in cikin ɗari kafin ranar da aka rubuta a kwali, maganin ya zama na banza. Ta riƙa dawowa gida tana yi wa maigidanta bayani har abinci ya huce.

Aikin ƙarshe da aka ba su shi ne kowa ya kawo tarihin rajistar magani guda ɗaya, daga farko zuwa yau. Yaran suka bazama neman misalai a waya. Ita kuwa me za ta nema? Ga shi a kanta a kan shiryayye. Ta sauko da fayil uku na maganin zazzaɓin yara, wani sirof mai ɗanɗanon lemo wanda shi ne ke riƙe da rabin kamfanin: na rajistar farko, da na sabuntawa biyu da suka biyo baya. Duk ukun da hannunta ta haɗa su. Ta yi kwafi, ta shafe sunan kamfani da na magani da baƙar tawada, ta ɗinke da kyau. Da ta ajiye shi a teburin malam, sai da teburin ya amsa. Alfahari ne ya kai ta, kuma kowa ne ma haka zai yi.

Asabar ta gaba, da aka tashi, Tsohon Sufeto ya ce ta tsaya. Ƙarar injin hura taya na shigowa ta taga. Ya warware ɗinkin aikinta, ya zaro shafi uku ya jera su gefe da gefe.

"Malama, ban taɓa ganin fayil mai tsabta kamar wannan ba. Ke kika zo ta ɗaya. Yanzu karanta min layin farko na kowane."

Ta gyara tabarau. Jadawalin gwajin daɗewa ne, shafi na ɗari biyu da sha biyu a kowane fayil, don ita ba ta canza tsari.

"Casa'in da tara da ɗigo biyu."

"Na biyun fa?"

"Casa'in da tara da ɗigo biyu."

Ba ta jira ya ce ta karanta na ukun ba. Idonta ya bi layukan zuwa ƙasa: wata shida, wata goma sha biyu, wata goma sha takwas, shekara biyu. Lambar zubi daban, kwanan wata daban, tsakaninsu shekara biyar biyar, amma sakamakon ɗaya ne har ɗigo. Ta jawo benci ta zauna.

"Ko shayi kika haɗa sau uku da hannu ɗaya, sukarin ba zai zo daidai ba," in ji shi. "Sau ɗaya aka yi gwajin nan, shekara goma sha biyar da suka wuce. Sauran kwafe ne."

"Ranka ya daɗe, takarda ake kawo min daga ɗakin gwaji, ni bugawa kawai nake yi."

"Na yarda. Wanda ya sani ba zai kawo min da hannunsa ba." Ya yi tari, ya mayar da shafukan. "Ban san kamfanin ba, kada kuma ki faɗa min. Na bar aiki, hawan jini ya ishe ni. Amma ki riƙe wannan: jiya mai bugawa ce ke, kuma ba ki sani ba. Daga ranar da aka ba ki lamba, ba ki da ko ɗaya daga cikin uzurin nan biyu."

Bayan mako biyu aka ba ta satifiket. Maigidanta ya sa aka yi masa firam. Ƙanenta, wanda ita ta sama masa aiki a ɗakin zuba magani, ya zo da matarsa da yaransa huɗu yi mata murna, yana cewa yanzu sai an nemi izini kafin a ga Yaya. Ta yi dariya inda ya kamata. A zuciyarta kuwa lissafi ɗaya take yi: saura mako biyar izinin sirof ya ƙare, kuma fayil na huɗu na kan teburinta, shafi ɗaya kawai yake jira.

Ranar Litinin Dogo, shugaban ɗakin gwaji, ya leƙo da takarda a hannu kamar yadda ya saba. Ta karɓa ta duba layin farko. Casa'in da tara da ɗigo biyu.

"Dogo, muje ka nuna min akwatin zafin."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Mutumin kirki ne, mai yawan shiru, gashinsa ya fara fari a cikin farar rigar aiki.

"Wane akwati kuma, Uwar Fayil?"

"Wanda ka fito da kwalaben nan daga cikinsa."

Ya kai ta. Akwatin na nan a kusurwa, ƙato kamar firji, an zare wayarsa an naɗe a bayansa. Ta buɗe. A ciki akwai takalman roba guda biyu, da butar shayi, da tsofaffin jaridu.

"Shekara goma sha ɗaya da lalacewarsa," ya ce, bai kalle ta ba. "Na rubuta takarda ta fi goma. Tsoho ya ce in kwafi na baya kafin a gyara. Har yau ana gyarawa."

"Akwai tsofaffin kwalabe a sito?"

"Akwai na ajiya."

"Auna min. Ɗaya mai wata goma sha takwas, ɗaya mai shekara biyu."

"Ki rufa min asiri. Saura shekara uku in yi ritaya."

"Ni na sa ka. In an tambaya ka ce ni ce."

Kwana biyu ya yi. Ran Laraba ya kawo sakamakon a ninke cikin tafin hannu, ya ajiye ya fita ko sallama babu. Mai wata goma sha takwas, tamanin da uku. Mai shekara biyu, saba'in da shida. Ta daɗe tana kallon lambobin. Ba guba ba ne, ba zai kashe kowa nan take ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Uwa za ta ba yaro cokali, jiki ya ƙi sanyi, ta ce ciwon ne mai taurin kai. Ba wadda za ta taɓa zargin kwalbar. Ita kanta ta raba wa maƙwabta wannan sirof ba adadi, tana cewa namu ne, na san abin da ke ciki.

Ta je wurin Manaja da shawara irin ta littafi: a nemi ƙarin lokaci daga hukuma, a gyara akwati, a rage kwanakin da ke jikin kwali zuwa shekara ɗaya, a janyo tsofaffin da ke kasuwa. Ya saurare ta har ƙarshe. Da ma ya yi faɗa, da ta fi samun sauƙi. Sai ya cire tabarau ya murza ido, ya yi magana a hankali kamar mai ba da haƙuri a gidan makoki.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. To amma in muka nemi ƙarin lokaci, tambayar farko ita ce me ya sa. Ranar da muka amsa, ranar za a rufe layin haɗa sirof ɗin nan. Mutum saba'in ne ke ci a kansa, har da ƙanenki. Shekara goma sha biyar, kin taɓa jin wanda ya kawo ƙara?"

"Ba su san abin da za su kawo ƙararsa ba, yallaɓai."

"Ki sa hannu a wannan. Na yi miki alkawari baɗi za a gyara akwatin." Ya mayar da tabaransa. "Sannan ki tuna, fayil ukun can na baya, a ƙasan kowane shafi an rubuta wanda ya shirya. Tsoho dai ya tafi inda ba a kai sammaci. Ba barazana nake miki ba, ina tuna miki ne. Ku nawa ne ma a ajin naku?"

"Talatin da ɗaya."

"Kin gani. Ni ke nake so."

Ta koma teburinta ta zauna har aka tashi, ba ta buga ko harafi ba. In ta ƙi, wata yarinya cikin masu ce mata Anti za ta zo ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba, a ci gaba da zubawa. In ta sa hannu a kan ƙarya, to ta zama Tsoho, kuma da idonta a buɗe. Sai wata hanya ta uku ta zo mata, har ta yi mamakin yadda ba ta gan ta tun farko ba. Manaja bai taɓa karanta fayil ba a rayuwarsa. Ɗaga shi yake yi ya ji nauyi, ya ce madalla.

Da safe, a mota, ta faɗa wa maigidanta. Za ta buga lambobin gaskiya a shafi na ɗari biyu da sha biyu, tamanin da uku da saba'in da shida, ta sa hannu, ta kai. Hukuma za ta gani ta tsayar da maganin. Ita ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta kuma yi ƙarya ba.

Da suka wuce mahaɗa biyu ya ce:

"Su kuma za su kore ki."

"Za su kore ni."

"Ƙanenki fa?"

"Shi ne abin da ya hana ni cin abinci."

"To tunda kin yarda a kore ki, me ya hana ki je ki faɗa musu da baki? Ki shiga ofishin babbansu ki ce ga abin da ake ciki."

"Ba ka san aikinmu ba. A wurinmu maganar baki iska ce. Abin da ke cikin fayil shi ne aka faɗa."

"Ni dai na san nawa," ya ce, yana kallon madubi. "Kullum ina gaya wa ɗalibaina, kunna sigina ba shi ne an gan ka ba."

Ta ce ya kula da hanya. Ba ta so ta yi tunanin maganarsa, don a ƙasan zuciyarta ta san dalilin da ya sa ta fi son takarda. Takarda ba ta kallon mutum a ido.

Ta buga shafin da kanta, ta yi wa lambobin biyu baƙin rubutu mai kauri don kada su ɓace wa mai dubawa. Ta haɗa da takardar Dogo ta asali a baya. Sannan ta buɗe shafin farko, inda shekara goma sha bakwai take barin fili, ta rubuta lambar satifiket ɗinta ta sa hannu. Manaja ya ɗaga fayil ɗin ya ji nauyi, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi mata albarka.

A taga ta uku akwai Akawu, wanda suka tsufa tare ta tsakanin ƙarafan taga. Ya san sunan 'ya'yanta, ta san ciwon gwiwarsa. Ya ƙirga shafuka da ɗan yatsa mai miyau, ya buga hatimi, ya ba ta 'yar takardar karɓa.

Daga ranar ta fara bankwana da wurin a ɓoye. Ta san al'adar hukuma: wata uku ko huɗu kafin fayil ya kai hannun mai dubawa. Kullum in za ta tashi sai ta sa abu ɗaya a jaka, yau kofinta, gobe hoton yara, jibi 'yar dardumar salla. Manaja ya sa an share ofishin mai ƙofar gilas, ta ce a bari sai izini ya fito. Ta daina bi ta ɗakin zuba magani don kada ta haɗu da ƙanenta. Ran da suka yi kiciɓis a bakin famfo, ya ce matarsa na da ciki na biyar, ta ce Allah ya raba lafiya, ta shige banɗaki ta yi kuka. Duk da haka akwai wani sauƙi a ƙirjinta da ta daɗe ba ta ji ba. Tana tsoro ƙwarai, amma in ta kalli madubi ba ta kawar da kai.

Kwana tara kacal aka yi, waya ta yi ƙara. Akawu ne, ya ce ta zo.

Ta ɗauka abin ya zo da wuri saboda girman laifin. Ta kwashe sauran abin da ke aljihun tebur, ta yi alwala, ta kira maigidanta ta ce ya yi mata addu'a. A hanya ta shirya amsoshinta: ba za ta ambaci Dogo ba sai an matsa, za ta ce Tsoho ya rasu a bar shi da Ubangijinsa. Ofishin hukuma cike yake, layi ya kai har matakala, kowa rungume da fayil. Ta bi layi na kusan awa ɗaya.

Da ta iso taga, Akawu ya washe baki. Ya juya baya ya ɗauko wata babbar ambulan, ya zaro takarda mai kauri da jan hatimi a ƙasa, ya turo mata ta ƙarƙashin ƙarfe.

"Barka, Uwar Fayil. Shekara biyar cif."

Ta kalli takardar. Sunan sirof ne, da lambar izini, da kwanan wata. Ta karanta sau biyu, ta juya bayanta ko akwai wani sharaɗi. Fari fat.

"Ba a turo da tambaya ba?"

"Wace tambaya?"

"Wanda ya duba... ya ga jadawalin gwaji? Shafi na ɗari biyu da sha biyu?"

Akawu ya yi dariya har gwiwar ta motsa ya yamutsa fuska.

"Ke ma dai da neman magana. Masu dubawa mutum huɗu ne suka rage mana, ga fayil har rufi. Ai amfanin sabuwar dokar ke nan. In aka ga lambar satifiket a shafin farko, ta gajeriyar hanya ake bi, a duba sa hannu a buga hatimi. Na marasa takarda ake zama a tsefe. Ballantana naki, da aka ce ke kika zo ta ɗaya. Wa zai ɓata lokacinsa a kan aikinki?" Ya turo babban littafin karɓa da biro ɗaure da zare. "Karatu ya yi rana. Sa min hannu a nan."

Ta tsaya riƙe da ƙarfen taga. Babu sauran takarda tsakaninta da maganar. Ofishin babban darakta na hawa na sama, matakalar na bayanta, taku goma sha biyar ne ko ashirin. Kalmomin ma a shirye suke a bakinta, gajeru ne: maganin ba shi da ƙarfi, ku buɗe ku gani. Da an kira ta an tambaye ta, da ta faɗa, ta rantse da ta faɗa. Amma ba wanda ya tambaya. Dole sai ta hau da ƙafarta, ta ƙwanƙwasa, ta kalli mutum a ido ta rufe wa mutum saba'in abinci, bayan an riga an ba ta izini a hannu. Ta nemi ƙarfin nan da ta ji kwana tara tana yawo da shi, ta tarar na aro ne. Ashe duk jarumtar tata ta dogara ne a kan wani ya yanke hukuncin.

"Hajiya, a taimaka mana, layi," in ji wani a bayanta.

"Lafiya dai?" Akawu ya tambaya, yana leƙen fuskarta. "Ko akwai abin da bai cika ba?"

Ta kalle shi. Ta kalli littafin.

"Ya cika," ta ce.

Ta sa hannu.

Kafin ta isa kamfani labari ya riga ta, don Akawu ya buga wa Manaja waya. Ma'aikata suka fito tsakar fili suna tafi. Ƙanenta ya ratso cikinsu da hular aiki a kai, ya karɓi jakarta yana cewa Yaya ta fi ƙarfin hukuma, kwana tara, ko Tsoho bai taɓa yin haka ba. Dogo na tsaye a ƙofar ɗakin gwaji. Suka haɗa ido, ya gane, ya koma ciki ya rufe.

Manaja da kansa ya buɗe mata ƙofar gilas. An goge tebur, an kawo sabuwar kujera mai juyawa. Ta zauna. Ta cikin gilas tana hango bakin sito, inda ake loda kwalayen sirof a babbar mota, mutum yana jefa wa mutum, suna waƙa. Ba ta taɓa jin kunyar kanta irin ta wannan yini ba.

Manaja ya dawo da wasu fayil guda biyu a hammata, ya ajiye mata a hankali.

"Na maganin tari da na gudawa," ya ce. "Nasu zai ƙare a watan gobe. Dogo zai kawo miki lambobin."